Tsatsa Da Lantarki: Darasin Masu Jirgin Ƙarfe Ga Manoman Funtua

Mai karatu zai yi mamaki ya ce, me ya kawo zancen jirgin ruwa cikin filin manoma, alhali kuwa tsakanin Funtua da teku tafiyar ɗaruruwan mil ce? Kogin Sakkwato ma, wanda ya taso daga kusa da Funtua, a nan ɗan rafi ne kawai. To, dalili shi ne jirgin ƙarfe da famfon manomi ciwonsu ɗaya ne. Dukansu ƙarfe ne da ke kwana cikin ruwa, ya wuni cikin ruwa, dukansu kuma a zamanin nan an ja musu wayar lantarki. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai.

A zamanin da, kayan mai lambu jigo ne da guga da ƙwarya da tulu. Ban da ruwan fartanya da na garma, babu abin da tsatsa za ta samu ta ci. Amma tun daga 1975, sa'ad da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, da kuma shirin Fadama na shekarun 1990 wanda ya baza ƙananan injunan ban-ruwa, al'amari ya sake. Yau wanda ya zaga fadamun Danja da Bakori da Ƙafur da Dandume, ko bakin madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye, zai ga injuna da bututai, da rijiyoyin burtsatse, da famfon da a ke zurawa cikin rijiya, da tankuna bisa dogayen ƙafafun ƙarfe, da faifan sola. Dukiyar da dā ta ke tsaye a turke tana cin harawa, yanzu rabinta tana nutse cikin ruwa. Kayan sun iso, amma sanin yadda za a tsare su bai iso tare da su ba.

Masu jirgin ruwa sun biya kuɗin wannan sani da tsada, sun kuma fito da ka'ida biyu. Ta fari, a ba ruwa wani ƙarfe mai araha ya ci, don ya ƙyale mai tsada. Ta biyu, a buɗe wa wutar lantarki hanyar da za ta bi ta koma in ta ɓalle, don kada ta bi ta jikin mutum. Ta fari tana tsare dukiya, ta biyu tana tsare rai. Ra'ayin wannan fili shi ne, duk aikin ruwa da aka yi a ƙasar Funtua da Malumfashi ba tare da waɗannan biyu ba, rabin aiki ne, bai kamata manomi ya karɓa ba, bai kuma kamata akawu ya sa hannu a biya kuɗinsa ba.

Yadda Ƙusoshin Jirgi Suka Narke

Cikin 1761 sojan ruwan Ingila suka lulluɓe ƙasan wani jirginsu na katako mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe, don su hana tsutsar teku huda katakon. Suka kafe fallayen da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Da aka duba jirgin cikin 1763, sai aka tarar tsutsa ba ta taɓa katako ba, amma ƙusoshi da yawa sun narke sun zama kamar kunun tsatsa, har fallayen suna ɓamɓarewa. Wani abin mamaki kuma, waɗansu ƙusoshi suna nan garau. Da aka bincika, ashe takardar da aka naɗo fallayen da ita ce ta maƙale tsakanin kan ƙusa da jan ƙarfe, ta hana su taɓa juna. 'Yar takarda ta yi abin da ƙarfin ƙusa ya kasa.

Asirin wannan al'amari yana cikin aljihun kowane manomi mai tocila. Wanda ya taɓa fasa tsohon batir ya san kwanon da ke kewaye da shi na tutiya ne, a tsakiya akwai baƙin sanda, tsakaninsu kuma akwai wani abu mai danshi. Wutar da tocila ke bayarwa, tutiyar nan ce ke ciwuwa ta haife ta. Shi ya sa tsohon batir ya kan huje ya yi ta zubar da ruwa. To, duk inda aka haɗa ƙarfe iri biyu suna taɓa juna, ruwa kuma ya jiƙa su duka, an yi batir ke nan, ko an sani ko ba a sani ba. Ɗayansu zai yi ta ciwuwa dare da rana.

Masana sun jera ƙarafa bisa ga saurin ciwuwarsu. Maganiziyam ne kan gaba, sai tutiya, sai alminiyam irin na tukwane, sai baƙin ƙarfe, sai tagulla da jan ƙarfe, sa'an nan ƙarfe marar tsatsa irin na cokula. Duk biyun da aka gama cikin ruwa, na gaba a jerin shi ke ciwuwa, na baya ya huta. Kamar a ɗaura bijimi da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya ne, kowa ya san wanda zai fara faɗuwa. Akwai kuma zancen girma. In mai ciwuwar ƙarami ne, abokin haɗinsa kuwa faffaɗa, kamar ƙusar nan cikin fallen jan ƙarfe, nan da nan ya ke ƙarewa, gama duk cin ya taru wuri ɗaya.

Cikin 1824 wani masani Bature mai suna Humphry Davy ya juya wannan ciwo ya zama magani. Ya ce tun da ya ke dole ɗaya ya ciwu, to, a zaɓi wanda za a bayar. Ya sa aka liƙa guntayen tutiya da na baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen jirage, aka gwada a wani jirgi mai suna Samarang. Jan ƙarfe ya daina ciwuwa. Sojan ruwa sun bar dabarar a lokacin, don da jan ƙarfe ya daina narkewa sai ciyawar teku ta samu wurin kamawa, ta rage wa jirgi gudu. Amma da aka koma ƙera jirage da baƙin ƙarfe sai dabarar ta dawo. Yau da wuya a ga jirgin ƙarfe a teku wanda ba a ɗaura masa dunƙulen tutiya ko na alminiyam a gindi da kusa da farfela ba, ko kuwa wata na'ura mai yin wannan aiki.

Ƙasar nan ma tana da rabo cikin tarihin jirgin ƙarfe. Cikin 1832 wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya taso daga Liverpool tare da Richard Lander da jirage masu tururi biyu, don su shiga kogin Kwara. Ƙaramin, mai tsawon ƙafa 70, na baƙin ƙarfe ne, kuma shi a ke lissafawa jirgin ƙarfe na farko da ya yi doguwar tafiyar teku. Sunan da suka raɗa masa Alburkah, watau albarka, kalmar da suka aro daga bakin Hausawa. Cikin 1833 ya hau kogi har Rabba ta ƙasar Nufe. Shekara huɗu bayan haka, cikin 1837, wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi rajistar dabarar tsoma baƙin ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya. Kwanon rufi da bokiti da bututun ruwa masu farin jiki duk 'ya'yan wannan dabara ne. Tutiyar da ke jikinsu riga ce, kuma fansa ce, ko an ƙarce ta, ita za ta ci gaba da ciwuwa a madadin ƙarfen da ke ƙasa, har ran da ta ƙare.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A dawo gida. Ƙauyuka da yawa suna da famfon tuƙa-tuƙa wanda ruwansa ke fitowa ja da safe, yana ƙarnin ƙarfe, yana ɓata farin kaya, yana baƙanta tuwo da shayi. Mutane su kan ce ƙasar wurin ce haka. Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa laifin bututu ne. Gwajin ba shi da wuya. A tari ruwan farko da asuba cikin farar roba, sa'an nan a yi ta bugawa na tsawon lokaci a sake tara. In na farko ja ne, na baya kuwa ya washe, to, jan nan bututun rijiyar ne jama'a ke sha kaɗan kaɗan.

Ƙasar Funtua da Malumfashi bisa tsohon dutse ta ke zaune, ruwan irin wannan ƙasa kuwa ya kan zo da ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Akwai ma'aunin tsami da a ke kira pH. Ruwan da ya ke 7 ba tsami ba kanwa, in ya sauka ƙasa da 6.5 to yana lashe tutiyar bututu da sauri, ya isa ga baƙin ƙarfe. Bankin Duniya ya buga rahoto a kan wannan ciwo na famfunan Afirka tun 1994. Gwamnatin Uganda kuwa cikin 2016 ta dakatar da sa irin wannan bututu a rijiyoyin tuƙa-tuƙa. Magani shi ne a auna ruwa kafin a zura kome, in mai tsami ne a sa bututun roba mai kauri, ko ƙarfe marar tsatsa na ainihi. Abin da ya fi muni shi ne gyaran ganin ido, a sa sanda marar tsatsa cikin tsohon bututu mai tutiya. An yi batir ke nan mai tsawon ƙafa 100 a cikin rijiya, bututun kuma shi zai biya.

Haka abin ya ke a tanki. Mai walda ya ƙera tankin baƙin ƙarfe, a ɗaura masa kan famfo na tagulla kai tsaye, bayan 'yan damuna sai a ga yoyo daidai gindin famfon, a ce mai walda ne bai iya ba. Da an sa ɗan guntun bututun roba tsakaninsu, da an yi abin da takardar nan ta yi wa ƙusoshin Alarm. Wurin walda kuma shi ne ƙofar tsatsa, domin zafi ya ƙone tutiyar da ke wurin. Sai an kankare shi an shafa fenti tun ran da aka gama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manomi yana da waɗansu abokan gāba da mai jirgi ba shi da su. Takin zamani gishiri ne a wurin ƙarfe, yana kuma jawo danshi. Baro ko tirelar tarakta ko amalanken shanu da aka ɗauki taki da shi aka bar shi bai ga ruwan wanki ba, ya kama hanyar bola. Maganin feshi mai jan ƙarfe a ciki, irin shuɗin nan da a ke fesa wa tumatir, ba a dama shi a bokitin kwano, gama yana cin bokitin, shi kuma ƙarfinsa ya ragu. Maganin kashe ciyawa mai gilaifoset kuwa, an rubuta a jikin takardarsa kada a ajiye shi cikin tankin kwano ko na baƙin ƙarfe marar shafe, domin yana haifar da iska mai kama wuta. Robar da ta fi araha ita ce daidai da shi.

Ba Kowace Fansa Ke Karɓuwa Ba

Yawancin kwale-kwalen masunta a madatsun ruwan wannan yanki na katako ne. Amma itacen ƙera jirgi yana ƙara wuyar samu, masu walda kuma suna ƙara yawa, sabo da haka wanda ya yi niyyar ƙera na ƙarfe, ko ya sayi inji mai farfela, ya kamata ya san abu guda. Tutiya a ruwan gishiri ta ke aiki sosai. A ruwan daɗi, irin na Mairuwa ko Zobe ko Kainji, ta kan yi wani farin ɓawo ta yi barci, sai mai jirgi ya ga dunƙulensa bai ragu ba ya yi ta murna, alhali jirginsa ne ke raguwa. A ruwan daɗi maganiziyam a ke sawa. Irinsa ne sandan da ke cikin tukunyar dafa ruwan wanka ta lantarki, shi ke hana tukunyar hujewa.

Ka'idodinsa kaɗan ne. A kankare wurin da za a ɗaura shi har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, don in bai taɓa ƙarfen ba babu abin da zai tsare. Kada a shafa masa fenti. A sake shi in rabinsa ya tafi. A kuma sani iyakar aikinsa inda ruwa ya rufe, ba ya tsare murfin tanki ko ƙafafunsa, waɗannan sai fenti. Fenti ne garkuwa ta fari, dunƙulen fansa mai tsaron ɓarakar da fenti ya bari ne. A tankin ruwan sha kada a jefa dunƙulen da aka yi don jirgi, kada kuma a shafa fenti mai dalma, a nemi abin da aka yi musamman don ruwan sha. Mai jirgin alminiyam kuwa ya kiyayi jan ƙarfe kamar yadda ya ke kiyayar wuta a rumbu. Guntun waya, ko tsohon kwabo, in ya faɗa cikin ruwan da ke kwance a cikin jirgi aka manta da shi, yana iya cin rami a wurin.

Wutar Da Ta Ɓace Hanya

Akwai cin da ya fi wannan duka sauri, shi ne na wutar batir ko ta sola da ta zurare ta bi ta ƙarfe ta fita cikin ruwa. An auna an gani, ampiya ɗaya tak ta irin wannan wuta, in ta shekara tana fita daga jikin baƙin ƙarfe, ta kan tafi da wajen kilo 9 na ƙarfen. Ba kuma ko'ina ta ke ɗiba ba, daidai inda ta ke fita nan ta ke haƙa rami. Abin da tsatsa za ta yi cikin shekaru, wannan ta kan yi shi cikin 'yan makonni.

A mota, waya ɗaya a ke ja zuwa fitila, wuta ta komo ta jikin motar. Bakanike da ya saba da mota in aka kira shi aikin jirgin ƙarfe sai ya yi haka nan, ya mai da jikin jirgi hanyar komowa. Masu jirgi sun hana wannan. Kowace fitila da kowane famfo waya biyu a ke ja masa, ta zuwa da ta komowa, a haɗa da jikin jirgi a wuri ɗaya tak. Wannan doka ta hau kan mai sola a gona. Wayar da ɓera ya ɓantare, ko fartanya ta sare aka naɗe da leda aka binne cikin laka, tana zubar da wuta kamar yadda tsagaggen tulu ke zubar da ruwa. Manomi ya yi hasara biyu, famfo ba ya ba da ruwa yadda ya kamata, ƙarfen rijiya kuma yana ciwuwa.

Wayar Da Ke Tsare Rai

Duk abin da aka faɗa a baya zancen dukiya ne. Yanzu ga na rai. Ƙwan fitila mai wat 60, a wutar gida mai bolt 230, yana jan wajen miliampiya 260. Miliampiya 10 zuwa 15 kawai sun isa su ƙame hannun mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Abin da ya haura 50, in ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Watau wutar da ba ta isa ta kunna ƙwai ɗaya ba ta isa ta kashe magidanci. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma mai lambu da mai kiwon tarwaɗa ƙafarsu tsirara cikin laka ta ke, hannunsu a jiƙe.

Mutane da yawa suna tsammani ruwan teku ya fi hatsari wajen lantarki. Ga mai iyo, ruwan daɗi ya fi. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta da sauƙi, sai yawancinta ta kewaye mutum ta wuce. A ruwan daɗi kuwa jikin mutum, da ya ke jininsa da gishiri, shi ne hanya mafi sauƙi, sai wuta ta zaɓe shi. Gaɓoɓinsa su ƙame, ya nutse ko ihu bai yi ba, a ce ruwa ne ya ci shi, ko a ɗora wa iskokai. Wanda ya ga haka ta faru kusa da famfon lantarki kada ya yi tsalle ya faɗa ceto. Ya kashe wuta tukuna, sa'an nan ya miƙa busasshen itace ko igiya.

Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ita ce ta uku a fulogi, mai doguwar ƙafa. Aikinta ta haɗa gangar jikin inji da hanyar komawar wuta da kuma sandan da aka kafa cikin ƙasa, don in wuta ta ɓalle ta taɓa jikin inji ta samu hanya mai faɗi ta bi, abin yanke wuta kuma ya yanke. Amma ita kaɗai ba kullum ta ke isa ba. Abokin aikinta shi ne ɗan akwatin nan da masu gyaran wuta ke kira ELCB, wanda ke auna wutar da ta tafi da wadda ta komo, in ya ga miliampiya 30 sun ɓace ya yanke kafin ƙiftawar ido. Yana da maɓallin gwaji a jikinsa, ya kamata a danna shi a kai a kai. A ƙaramin janareta, sai gwani ya haɗa shi yadda ya kamata ya kuma gwada, in ba haka ba yana iya zama ado kawai. Al'adar nan ta karya ƙafa ta uku, ko cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana, wasa da maciji ne.

Inda Biyun Suka Yi Karo

A nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. A tashoshin jiragen ruwa, in jirage da yawa suka ja wuta daga tudu, wayar ƙasa ta kan haɗa su duka su zama babban batir guda, sai dunƙulen fansar wani ya ƙare wajen tsare jirgin maƙwabcinsa. Waɗansu da suka gane haka sai suka yanke wayar ƙasa don su ceci ƙarfe. A Amurka an sha rasa masu iyo kusa da jiragen da wayarinsu ya lalace. Maganin da aka yarda da shi wata 'yar na'ura ce da a ke sawa a kan wayar, mai tare ƙaramar wutar tsatsa ta bar babbar wutar hatsari ta wuce. Ba a yanke wayar.

A gona ma karon yana nan. Sandan jan ƙarfe da aka kafa cikin danshi aka haɗa da bututu mai tutiya da ke binne kusa, zai sa bututun ya ciwu. A irin wannan wuri sandan mai tutiya ya fi dacewa. Masu wayarin kuma sun saba zuba gishiri da gawayi a ramin sandan. Gishiri yana sa wuta ta shige ƙasa da sauƙi, gaskiya ne, amma yana cin sandan da maɗaurinsa, damina kuma tana wanke shi. Bayan 'yan shekaru sai waya ta rage tana lilo cikin rami, mai gida yana barci da tsammanin yana da tsaro. Abin da ya fi, a kafa dogon sanda, ƙafa 8 in ƙasa ta yarda, ko biyu a haɗa su, a wuri mai danshi, a riƙa ba ramin ruwa da bazara sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau, a kuma buɗe a duba maɗaurin kowace shekara. In dai an rasa yadda za a yi, dole ɗaya ya ciwu, to, ƙarfe ya ciwu. Ana sayen bututu a kasuwa.

Masu Cewa A'a

Wani zai ce duk wannan ƙarin kuɗi ne, ga taki ya yi tsada. To, ya lissafa. Sanda da waya da akwatin yanke wuta da guntun roba, duka ba su kai ko kusa da kuɗin famfo guda ba, balle kuɗin haƙa rijiya, balle tumatirin da zai ƙone cikin mako guda in ruwa ya tsaya a watan Maris. Wani bincike da aka buga cikin 2016 ya ƙiyasta tsatsa tana cin dala tiriliyan 2.5 a duniya kowace shekara, fiye da kashi 3 cikin 100 na abin da duniya ke samarwa. Manyan kamfanoni suna iya ɗaukar rabonsu na wannan hasara. Mai kadada ɗaya ba ya iyawa.

Wani kuma zai ce injinsa ya shekara biyar ba wayar ƙasa, bai taɓa jan kowa ba. Wayar ƙasa ba ta da aiki sai rana ɗaya, ranar da rigar waya ta tsage a cikin inji, ranar kuwa ba ta aiko da sallama. Mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ai shi ma yana ɗaure akuyarsa da dare, yana kuma yi wa rijiya murfi sabo da yara. Mai hujja ta gaskiya shi ne wanda ya ce ya nemi maganiziyam ko takardar auna tsamin ruwa a kasuwa bai samu ba. Wannan kuka ne da ya kamata ya isa kunnen 'yan kasuwa.

Kowa Da Nasa Alhaki

Manomi ya tambaya kafin ya biya: an auna ruwan? Wane irin bututu aka zura? Ina wayar ƙasa, ina sandanta? A danna maɓallin gwaji a gabansa ya ga wuta ta yanke. Ya nemi mai gyaran wuta mai takardar shaida, gama hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, tana ba da irin wannan takarda. In damina ta sauka an ajiye injin rani, a zubar da ruwan cikinsa, a wanke, a shafa mai, a ɗora shi bisa katako nesa da buhunan taki.

Ɗan kasuwa da ke sayo famfo daga Kano ko Kaduna ko Legas, ya sayo har da abin da zai tsare famfon, ya kuma faɗa wa mai saye gaskiya in ƙarfe shafe ne kawai aka yi masa. Wanda ya sayar da abin da ya daɗe, shi a ke komawa wurinsa, a kuma kai masa maƙwabci.

Alhaki mafi nauyi kuwa yana wuyan akawu, ko na ƙaramar hukuma ne, ko na jam'iyyar manoma, ko na ƙungiyar gari. Abin da bai shiga takardar kwangila ba, ɗan kwangila ba zai sa shi don Allah ba. Layi huɗu sun isa: a auna tsamin ruwa a rubuta sakamako, a faɗi irin bututu da kaurinsa, a raba ƙarafa masu gāba da roba, a sa wayar ƙasa da akwatin yanke wuta a gwada su gaban shaidu. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an ga huɗun nan da ido. Rijiyar da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan damina biyu ta zama turken awaki, sau da yawa a kan tebur aka kashe ta tun ba a fara haƙa ba.

Kaka ta fi kowane lokaci dacewa da wannan aiki, kuɗin masara da auduga da waken soya suna hannu, noman rani kuma bai kankama ba. Kafin a tayar da inji a bana, a zaga a duba kowane maɗauri da kowace waya. Allah ya tsare rayuka da dukiya, ya sa albarka cikin abin da aka shuka.